Kasuwar Kurmi a Kan Teburin Zane: Abin da Ɗalibin Tsara Gine-gine Zai Koya Daga Harshen 'Yan Kasuwa

1.0 GABATARWA

Daga cikin ayyukan da akan ɗora wa ɗaliban sashen tsara gine-gine a jami'a kafin su kammala karatu, akwai aikin sake fasalin wani yanki na gari. Sau da yawa kasuwa akan zaɓa, domin a cikinta ne matsalolin gari suke haɗuwa wuri guda: cunkoso, da ruwa, da gobara, da shara, da ƙarancin hanya. Ɗalibi yakan je ya auna filin, ya ƙirga rumfuna, ya ɗauki hotuna, sa'an nan ya koma ɗakin zane ya fito da taswira da ɗan ƙaramin samfurin gini na kwali, ya tsaya gaban malamansa ya kare abin da ya zana. Waɗannan ɗalibai su ne gobe za su zauna a ma'aikatun ayyuka da hukumomin tsara birane, kuma abin da hannunsu ya saba da shi a makaranta shi za su aiwatar a kan kasuwannin jama'a.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa kasuwar Bahaushe tana da nata tsari tun kafin a kawo mata takardar zane, kuma wannan tsari yana nan ajiye a cikin kalmomin da 'yan kasuwa suke amfani da su yau da kullum. Ɗalibin da ya auna ƙasa bai saurari waɗannan kalmomi ba, rabin kasuwar kawai ya auna. An ɗauki Kasuwar Kurmi ta birnin Kano a matsayin misali saboda daɗewarta da kuma yawan abin da aka rubuta game da ita.

2.0 TAƘAITACCEN TARIHIN KASUWAR

Littafin Tarihin Kano ya lissafa kafa Kasuwar Kurmi cikin ayyukan Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Shi ne kuma ya faɗaɗa ganuwar birni ya gina gidan sarauta da ake kira Gidan Rumfa. Sunan kasuwar ma kansa bayani ne a kan filin da take: kurmi wuri ne mai duhuwar itatuwa a bakin ruwa, ruwan kuwa shi ne Jakara, wadda har yau take ratsa gefen kasuwar. Watau tun asali a ƙasa mai gangare da damshi aka kafa ta.

Hanyoyin da suka taso daga ƙofofin ganuwa, kamar Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai da Ƙofar Mazugal, suna bi ta cikin unguwanni su gangaro wajen kasuwa. Ta waɗannan hanyoyi ne ayarin fatake yake shigowa da gishirin Bilma, da kanwa daga wajen Barno, da goro daga Gwanja, a kuma fita da baƙin yadi na rini da jar fata. Baƙin da ciniki ya kawo sun bar sunayensu a unguwannin birni. Akwai Dandalin Turawa, inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna, domin su ake kira Turawa kafin zuwan Nasara. Akwai Tudun Nufawa. Akwai Ayagi ta Yarabawa. Akwai kuma Alfindiki, wadda sunanta ya samo asali daga kalmar Larabci mai nufin masaukin fatake.

Bature Hugh Clapperton ya ga kasuwar a 1824. Ya bayyana rumfuna a jere layi-layi, kowane irin kaya da ɓangarensa, da wani shugaba da yake ba da hayar rumfuna yana kuma sa ido a kan farashi. Ya ambaci rumfunan da ake sayar da bayi, cinikin da bai gushe a fili ba sai bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903. Heinrich Barth ya zo a 1851, ya kuma jinjina wa cinikin tufafin Kano da yadda suke kaiwa ƙasashe masu nisa.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta juya akalar ciniki. Manyan kamfanoni suka kafa kantunansu a wajen ganuwa kusa da tashar jirgi, Sabon Gari ya kafu, daga baya cinikin yadi ya tattara a Kantin Kwari, na hatsi kuma a Dawanau. Kurmi ta rage da abin da ba a iya raba ta da shi ba: kayan fata, da kayan doki, da turare, da littattafan addini, da magungunan gargajiya, da sauran kayan sana'ar hannu. Wannan ita ce kasuwar da ɗalibi zai tarar in ya je da ma'auninsa.

3.0 TSARIN KASUWA A CIKIN HARSHE

3.1 Rumfa, kanti, shago

Kalmomin kasuwa hawa-hawa suke, kowane hawa da zamaninsa. Ita kalmar kasuwa, masana harshe sun danganta ta da kasugu ta Barebari, wadda ita kuma ta fito daga suƙ ta Larabci. Dillali da la'ada da mudu duk daga Larabci suke. Kanti da sito da tebur da layi kuwa daga Ingilishi suka shigo, filaza ce autarsu.

Bambancin rumfa da shago ya wuce na suna. Rumfa inuwa ce: rufi a kan ginshiƙai, gaba a buɗe, mai kaya yana zaune a kan tabarma ko buzu, kayansa a shimfiɗe inda mai wucewa zai gani, ya taɓa, ya ɗaga. Shago ɗaki ne mai bango huɗu da ƙofar da ake kullewa, amfaninsa na farko tsaron kaya ne. Akasarin taswirar da ɗalibai suke zanawa shaguna ne jere, kowanne da ƙofar ƙarfe, domin shi ne abin da aka saba gani a sababbin gine-gine. Amma duk wanda ya zaga kasuwannin da aka gina haka zai ga abin da 'yan kasuwa suke yi da su: sai su mai da shagon sito, su kafa rumfar kwano ko ta buhu a ƙofarsa, su fito da kaya bakin hanya. Hanyar da aka zana da faɗi sai ta tsuke. Akan ce rashin bin doka ne, alhali kuwa mai zane ne ya manta da rumfa, 'yan kasuwa suka mayar da ita da kansu.

Dalilin haka yana cikin yadda Bahaushe yake ciniki. Mai saye yakan yi sallama, a gaisa, ya zauna, ya yi tayi, a ce masa albarka, ya ƙara, har a kai ga an sallama, wani lokaci a yi masa gyara. Wannan duk yana bukatar wurin zama na mutum biyu ko uku a inuwa, gefen hanya. In taswira ba ta ware wannan wuri ba, ciniki zai ƙwace shi daga hanya.

3.2 'Yan kaza da 'yan kaza

Bahaushe ba ya kiran sassan kasuwa da lamba. Da kayan da ake sayarwa yake kiransu: 'yan goro, 'yan turare, 'yan sirdi, 'yan littafi, 'yan tabarma. A Kano wannan salo ya haifar da sunayen wurare kamar 'Yan Lemo, da 'Yan Awaki, da 'Yan Kura, da 'Yankaba. Sunan yakan daɗe fiye da kayan da suka jawo shi, don kuwa 'Yankaba a yau da kayan miya aka fi saninta.

Abin lura a nan shi ne masu sayar da kaya iri ɗaya suna zama wuri ɗaya, ko da yake kowannensu abokin gasar ɗan'uwansa ne. Mai saye yana amfana, domin zai kwatanta kaya da farashi ba tare da dogon yawo ba. Mai sayarwa ma yana amfana: in an tambaye shi abin da ba shi da shi sai ya karɓo a rumfar maƙwabci, in zai tafi salla sai ya bar wa maƙwabci tsaron rumfa. Har ila yau, jerin sassan ba a banza yake ba. Mai sirdi yana bukatar baduku kusa da shi. Mai turare ba zai so maƙwabtaka da mahauci ba. Mai littafi da mai yadi suna gudun wurin da ake hura wuta. Ɗalibin da ya raba shaguna bisa lamba, ko ya ba da shawarar a raba su ta hanyar ƙuri'a, ya warware wannan saƙa ke nan ba tare da ya sani ba.

3.3 Waɗanda ba su da rumfa

Ƙirgen rumfuna ba ya nuna yawan masu cin abinci a kasuwa. Akwai dillali, wanda jarinsa sanin mutane ne da amana, ladansa kuma la'ada. Akwai 'yan tebur, da 'yan koli masu baza ƙananan kaya, da 'yan dako, da masu tura kura, da masu abinci, da wanzamai, da masu gyaran takalma. Akwai kuma 'yan talla, waɗanda suke ɗauko abin da matan aure suka sarrafa a cikin gida, kamar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da fura da huluna. Baturiya Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta jawo hankalin masana ga girman wannan ciniki na cikin gida da ido ba ya gani.

Waɗannan mutane ba su da takardar haya, saboda haka ba sa shiga lissafin hukuma, ba sa kuma fitowa a taswira. Amma su ne suka fi rauni in aka tashi gyara. Babban ɗan kasuwa yana iya jure wata shida ba ciniki; mai tebur kuwa abin da ya samu yau shi za a ci a gidansa da dare. Lalle ne ɗalibi ya ƙirga su kamar yadda ya ƙirga rumfuna, ya ware musu dandali a inda ƙafa take wucewa. In aka tura su lungu, washegari za su dawo bakin ƙofa.

3.4 Kasuwa ta ci

A Hausa kasuwa ce take aikatawa. Akan ce kasuwa ta ci, ta cika, ta watse, ta tashi, ta mutu. Ba a cewa gini ya ci. Wannan ya nuna cewa a tunanin Bahaushe kasuwa taron mutane ne a wani lokaci da wani wuri, gini kuwa hidima yake yi wa taron. Shi ya sa kasuwar ƙauye take ci mako-mako a ƙarƙashin itatuwa da 'yan rumfunan kara, shi ya sa kuma akan ga sabon gini mai kyau ya tsaya ba kowa, 'yan kasuwa suna bakin titi.

Wannan ya shafi batun bene. Ɗalibi yakan ga fili ya yi kaɗan, sai ya ɗora hawa biyu ko uku don rumfuna su yawaita. Sai dai mai sayen kiri ba ya son hawa matakala don abin da zai samu a ƙasa, ɗan dako kuma ba zai so hawa da buhu a ka ba. In har za a yi bene, ya fi dacewa da sito, da ofisoshi, da masu sana'ar da ake nemansu da suna, kamar maɗinka. Ƙasa kuwa ta masu kiri ce.

4.0 MATSALOLIN DA SUKA WAJABTA GYARA

Duk abin da aka faɗa a sama ba ya nufin a bar kasuwa yadda take. Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwai matsaloli na gaske da ilmin ɗalibi zai yi maganinsu.

Ta farko ruwa. Damina a Kano gajeruwa ce, amma ruwan Agusta yakan sauko da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Kasuwar da take gangaren Jakara dole taswirarta ta fara da magudanan ruwa kafin rumfuna, a kuma hana gini a kansu, a bar hanyar da za a riƙa yashe su. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta lalata yadi mai yawa, ta isa ishara.

Ta biyu gobara. A watan Maris na 2016 wuta ta cinye babban ɓangare na Kasuwar Sabon Gari. Abubuwan da suke sa gobarar kasuwa ta gagara sanannu ne: wayoyin lantarki da aka ja barkatai, da injinan janareta da man fetur a tsakanin kaya, da rumfunan katako manne da juna, da lungunan da motar kashe gobara ba ta iya shiga. Maganinsu a zane shi ne a ratsa kasuwa da 'yan manyan hanyoyi da mota za ta shiga ta juya, a raba rukunin rumfuna da bangon da wuta ba ta ci, a tanadi tankunan ruwa, a kuma keɓe masu hura wuta a gefe guda.

Ta uku shige da fice. An tsara lungunan birni ne don mutum da jaki da raƙumi. Babbar mota ba ta da wurin sauke kaya, sai ta tsaya a titi ta tare hanya. Abin da ya dace shi ne a yi wurin sauke kaya a bakin kasuwa, daga nan kura da 'yan dako su shigar da shi. Wannan ya fi rushe gidajen unguwa don a faɗaɗa titi, ya kuma bar wa 'yan dako abincinsu.

Ta huɗu bukatun jiki da na ibada: makewayi na maza da na mata daban, da wurin alwala, da masallaci, da ruwan sha, da wurin tara shara. Kasuwa takan lafa lokacin azahar da la'asar, jama'a su nufi wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Taswirar da ba ta yi tanadin wannan ba, sahu zai fito kan hanya.

5.0 ABIN KOYI DAGA MAGINAN GARGAJIYA

Zafin bazara a Kano yakan haura digiri 40 a watan Afrilu. Shagon bulo mai rufin kwano ba silin, a irin wannan lokaci, tanda ne. Maginan Hausa sun daɗe da sanin maganin wannan. Suna gini da tubali, bango mai kauri da yake jinkirta shigar zafi. Suna rufi da azara ta itacen giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Suna shafe bango da makuba ko laso don ruwa. Suna fitar da ruwan soro ta indararo. Sun san cewa ruwan sama mai iska daga gabas yake bugowa, don haka bangon gabas suka fi ba kariya. Inda ake son ɗaki mai faɗi sai su yi bakan gizo da ɗaurin guga, kamar yadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Ba ana cewa a sake gina Kurmi da ƙasa zalla ba ne, domin ginin ƙasa yana son yaɓe kowace shekara, kuma 'yan kasuwa suna son abin da zai tsare musu kaya. Abin da za a ɗauka shi ne hikimar: lungu matsattse mai inuwa ya fi fili fetal da rana take dukansa, rufi mai tsawo da kafar fitar iska ya fi gajere, baranda mai zurfi ta fi ƙofa a bakin rana. Kuskuren da ya kamata a guje shi ne a yi ginin siminti irin na ko'ina, sa'an nan a ɗora masa zanko a kusurwa, a zana dagi a goshi, a ce an yi ginin Hausa. Wannan ado ne kawai aka ara.

6.0 RABO DA LOKACIN AIKI

Tambayar da 'yan kasuwa za su fara yi wa mai taswira ita ce: ina za a zauna lokacin da ake gini, kuma wa zai sami rumfa in an gama? Tsoronsu a fili yake. Sau da yawa in aka rushe aka sake gini kuɗin shago yakan fi ƙarfin wanda yake wurin tun farko, sai mai kuɗi daga waje ya saya ya ba da haya. A Kurmi akwai rumfunan da aka gada kaka da kakanni, kuma abokan ciniki sun san wurin ne da sunan gidan. In aka tashi irin wannan mutum, an raba shi da jarin da ba a iya biyan diyyarsa.

Saboda haka aikin ɗalibi bai cika ba sai ya haɗa da abu uku. Na ɗaya, rajistar duk masu sana'a a wurin kafin a taɓa komai, har da marasa rumfa. Na biyu, tsarin aiki kashi-kashi, a gyara layi ɗaya a mayar da mutanensa kafin a taɓa na gaba, don kada kasuwa ta watse ta saba da wani wuri. Na uku, rumfuna masu girma dabam-dabam, don mai ƙaramin jari ya sami daidai ƙarfinsa. A duk waɗannan akwai waɗanda za a tuntuɓa: Sarkin Kasuwa, da Sarkin Pawa, da shugabannin layuka da na ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da masu unguwannin da suke kewaye. Da ɗan gari akan ci gari.

7.0 KAMMALAWA

An ga yadda kalmomi kamar rumfa, da 'yan kaza, da talla, da cin kasuwa suke ɗauke da bayanin da ma'auni ba zai bayar ba, an kuma ga matsalolin ruwa da wuta da hanya waɗanda sai mai ilmin gini zai warware su. Ilmin biyu suna bukatar juna. A nan ne sashen Hausa yake da rawar takawa. Ɗalibansa sun saba da hira da dattawa, da naɗar zance, da tattara kalmomin sana'a. Zai yi kyau a riƙa haɗa su da ɗaliban tsara gine-gine a fita aiki tare, ɗaya yana auna ƙasa ɗaya yana rubuta sunan kowane layi da tarihinsa da dalilin zamansa a inda yake. Abin da aka tattara zai amfani mai zane, zai kuma zama taska ga masu nazarin harshe, tun da yawancin waɗannan kalmomi suna bakin tsofaffi ne. Kasuwar da ta shekara fiye da 500 tana ci ta cancanci a tambaye ta kafin a gyara ta, don kada garin neman gira a rasa ido.